Ƙwallo ce za ta rage nisa ko hannunmu ne ya rage? Fashin baƙi ga dattawa masu buga golf

Wai da gaske ne za a hana ƙwallayen golf ɗin da muke bugawa yanzu a kawo wasu da ba sa nisa? In haka ne, mu da shekaru suka fara ja, da ma bugun namu kullum baya yake yi, ina za mu sa kanmu? Maganar da ta tashi kenan a majalisarmu nan Gusau bayan la'asar kwanakin baya. Mu ƴan tsiraru ne da muka koyo wasan a wuraren aiki, wani Kaduna wani Legas wani Abuja, muka dawo gida da jakunkunanmu bayan ritaya, kuma har yau son abin bai bar mu ba. Wani yayanmu tsohon ma'aikacin banki da ya ba saba'in baya ya ce shi har ya aika ma ɗansa da ke waje ya sayo mishi dozin biyar na Pro V1, ƙwallon nan mai tsada ta Titleist, ya adana tun ba a hana ba. Na ce Yaya, wallahi ƙwallon nan ba ita ce damuwarka ba. Ya gyara zama ya ce “to mi ad damuwata, hwaɗa min in ji.”

Amsar da na ba shi ranar ba ta cika ba saboda magariba ta kawo jiki, shi ya sa na zauna na rubuta ta da kyau, ko wani dattijon zai amfana.

Me aka ce za a canza, kuma wa abin ya shafa?

Hukumomi biyu ne ke tsara dokokin golf a duniya, R&A da ke garin St Andrews a Sikotilan, sai USGA ta Amurka. Tun da can akwai iyaka a kan ƙwallo, nauyinta kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kada ya gaza milimita 42.67, sannan akwai gwajin nisa da ake yi mata da wata na'ura mai kaɗa sanda kamar mutum. A Disambar 2023 suka sanar za su canza wannan gwajin. Da na'urar tana bugu da gudun mil 120 a awa, yanzu za a ɗaga zuwa 125, iyakar nisan kuma tana nan inda take a yadi 317. To ka ga tunda an ƙara ƙarfin bugu ba a ƙara iyaka ba, dole kamfanoni su ɗan rage ma ƙwallo kuzari kafin ta ci jarrabawa. A yadda suka tsara lokacin sanarwar, manyan ƴan wasa za su fara a 2028, mu masu wasan nishaɗi sai 2030.

Dalilinsu shi ne samarin yanzu suna jefa ƙwallo sama da yadi 300 ba tare da wata wahala ba, tsofaffin filaye sun yi musu kaɗan, kuma tsawaita fili yana cin ƙasa da ruwa da kuɗi. Cikin shahararrun ƴan wasa, Jack Nicklaus ya daɗe yana kiran a yi haka, Tiger Woods da Rory McIlroy ma sun goyi baya. Kamfanin da ke yin Titleist da hukumar PGA Tour mai shirya gasannin ƙwararru a Amurka da ƴan wasa irin su Justin Thomas kuwa ba su so ba, suna ganin ƴan kallo dogon bugu suke so, kuma ba dalili a taɓa miliyoyin mutane saboda wasu ƴan ɗaruruwa masu ƙarfi. Ni dai kowane ɓangare ina ganin hujjarsa, amma rigimar ta manya ce. Hukumomin da kansu sun ce waɗanda suka fi kowa ƙarfin bugu za su rasa yadi 13 zuwa 15, mai wasan nishaɗi kuwa yadi 5 ko ƙasa da haka, kuma sama da kashi 30 cikin ɗari na ire-iren ƙwallayen da ake da su za su tsallake sabon gwajin a yadda suke. Gwargwadon sanyin bugunka gwargwadon ƙanƙantar asararka.

Abin da shekaru ke ɗauka

Kalma ɗaya ce in ka gane ta sauran duk za su zo da sauƙi, wato gudun kan sanda a daidai lokacin da ya haɗu da ƙwallo. Ƙwararrun PGA Tour suna kaiwa kusan mil 115 a awa da direba, wato babbar sandar nan ta bugun farko. Matsakaicin namiji mai wasan nishaɗi yana wajen 90 da ɗan wani abu. Mutum in ya shiga sittin zuwa saba'in sau da yawa sai ka same shi tsakanin 70 da 85, saboda ƙugu ba ya juyawa kamar da, kafaɗa ta yi tauri, naman cinya da na baya ya ragu. Kuma lissafin da masu koyarwa ke yi shi ne duk mil ɗaya da ka rasa, ka rasa kimanin yadi biyu da rabi. Wanda ya sauko daga 90 zuwa 80 kenan ya yi asarar wajen yadi 25, ninki biyar na abin da ake tsoron sabuwar doka za ta ɗauka.

Akwai kuma asara ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba, ita ce tashin ƙwallo sama. Ƙwallon golf tana tsayawa a iska ne saboda gudu da kuma juyawar da take yi ta baya, da taimakon ƙananan ramukan nan na jikinta da yawanci suke tsakanin 300 zuwa 400. In gudu ya ragu juyawar ma ta ragu, sai ka ga ƙwallo ta tashi ƙasa-ƙasa ta faɗi nan kusa kamar fakarar da aka tayar a gona. Duk zaɓen kayan dattijo a kan gyara waɗannan biyun yake, a samo ɗan gudu ta hanyar rage nauyi, a samo tashi ta hanyar kwantar da fuskar sanda. Kada kuma wani ya karaya, Tom Watson yana da shekara 59 ya kai wasan raba gardama a gasar Open ta 2009 a Turnberry kafin Stewart Cink ya doke shi, kuma ba da ƙarfi ya kai wurin ba, da iya ajiye ƙwallo inda ya dace ne.

Tauri da laushin ƙwallo

Idan sanda ta bugi ƙwallo, ƙwallon takan lotse na ɗan ƙiftawar ido sannan ta dawo da siffarta ta yi gaba. Yawan ƙarfin da ake buƙata kafin ta lotse shi ake kira kwamfireshin, kuma ana ba shi lamba, daga wajen 30 da wani abu har sama da 100. Irin su Callaway Supersoft da Wilson Duo Soft suna can ƙasa, Srixon Soft Feel tana wajen 60, Pro V1 tana kusan 90, Pro V1x ta fi ta tauri.

Abin da ake yawan faɗa a fili shi ne wai tsoho ba zai iya lotsa ƙwallo mai tauri ba don haka dole ya sayi mai laushi ya samu nisa. Maganar akwai gyara a ciki. Gwaje-gwajen da ake yi da na'ura suna nuna cewa ga mai sanyin bugu bambancin nisa tsakanin mai laushi da mai tauri ɗan kaɗan ne, ƴan yadi ne kawai, wani lokacin ma mai taurin ce ke ɗan wucewa. Don haka kada ka sayi mai laushi kana jiran ta dawo maka da yadi ashirin, ba za ta dawo da su ba. Amfaninta na gaskiya a wani wurin yake. Ba ta girgiza hannu, wanda ga mai ciwon wuyan hannu ko gwiwar hannu ba ƙaramin abu ba ne, sannan da yake ba ta juyawa da yawa a dogon bugu to karkacewar da ƙwallo ke yi zuwa dama ko hagu tana ɗan raguwa, ga kuma araha. Waɗannan ukun sun ishe ni hujja, shi ya sa ni ma ita nake bugawa.

Fatar ƙwallo da irin ƙasarmu

Nan ne nake ganin muna asarar kuɗi ba gaira ba dalili. Fatar ƙwallo iri biyu ce. Akwai yuritan, mai laushi ce tana kama fuskar sanda, ita ke sa ka ga ƙwararre ya jefa ƙwallo kan girin, wato gajeriyar ciyawar da ke kewaye da rami, ta tsaya cak ko ma ta dawo baya. Ita ce a jikin Pro V1 da ta fito a 2000 ta canza kasuwa gaba ɗaya, da TaylorMade TP5 mai hawa biyar da sauran masu tsada. Sai kuma fata mai tauri irin ta Surlyn, wadda ake sa ma ƙwallaye masu hawa biyu, cibiya da fata kawai, ba ta tsayawa da sauri haka amma tana da juriya sosai. Dozin ɗin Pro V1 ya haura dala 50 a Amurka, masu hawa biyu kuwa ana samun su wajen rabin haka, ka lissafa da canjin yanzu ka ƙara kuɗin kawowa.

Yanzu ka dubi inda muke bugawa. An ƙera yuritan ne don ciyawa mai laushi da ake ba ruwa kullum. Mu kuwa daga Nuwamba har ruwa ya sauka ƙasa ta bushe ta yi tauri, ga tsakuwa ga marmara ga ƙarangiya. Na taɓa samun kyautar kwali ɗaya mai ƙwallo uku na masu tsadar nan, na fita da ɗaya wata Lahadi da sassafe filin da muke motsa hannu, bugu na huɗu ta sauka kan jar tsakuwa, da na ɗauko ta fatar ta kwailaye wuri biyu har kana jin kaushin da yatsa, kuma ƙwallon da ta kwailaye haka tashinta ba ya zama daidai. Mai fatar Surlyn da ke aljihuna ta yi wata guda tana shan wannan ƙasar, ta yi ja dai amma ba ta yage ba.

Sannan a filayen da har yanzu ake amfani da burawun, wato yashi da aka cakuɗa da mai aka daddaɓe a kewayen rami maimakon ciyawa, ƙwallo tana sauka ne yashin ya riƙe ta, ba ruwansa da tsadar fatarta. In kana yawan wasa a fili mai girin na ciyawa sosai irin IBB a Abuja, kuma hannunka ya ƙware a ƙananan bugu na kusa da rami, to nan yuritan tana da amfani kuma akwai masu matsakaicin farashi. In ba haka ba kuɗinka kawai kake ba tsakuwa.

Batun launi ma ya shafe mu tunda ido ya fara rauni. Ana cewa ruwan ɗorawa ta fi ganuwa, gaskiya ne da damina lokacin da ko'ina ya yi kore, amma da rani cikin busasshiyar ciyawa ni na fi wahalar gano ta, fara ta fi min, mai ruwan lemo kuma jar ƙasa ke haɗiye ta. Ƙwallayen da yara ke tsintowa suna sayarwa ba laifi don atisaye, sai dai wadda ta daɗe cikin ruwa ko ta shekara a rana ba a dogara da ita. Abin da ya fi muhimmanci ka tsaya a kan iri ɗaya. In yau wannan gobe waccan, hannunka ba zai taɓa sanin ƙarfin da zai sa a ƙaramin bugu ba.

Ƙotar sanda, inda ya kamata kuɗin ya fara zuwa

Kowane manomi ya san fartanya komai kaifinta in ƙotar ta fi ƙarfin mai riƙe da ita aikin ba zai yi kyau ba. Haka sandar golf take. Ƙotar, wadda ake ce ma shaf, tana lanƙwasa lokacin da kake kaɗawa sannan ta miƙe ta watsa kan sandar cikin ƙwallo. Ana rubuta harafi a jikinta: X ta fi kowa tauri, sai S, sai R, sai A wadda ake ce ma ta dattawa, sai L. A bisa kimantawa wanda direbansa ke gudun 95 zuwa sama S ce tasa, 85 zuwa 95 R, wanda ya sauko ƙasa da 85 ya fara duba A. Amma fa ka sani babu ma'auni ɗaya da ya ɗaure kamfanoni, R ɗin wani kamfanin tana iya zama A ɗin wani, saboda haka harafin jagora ne kawai, sai an gwada.

Yawancinmu sandunan da muka saya muna ɗan arba'in da biyar su ne har yau a jaka, ƙarfe ne mai nauyi da harafin S. Yayan nan namu da na ɗaga ayon ɗinsa, wato sandar nan mai siririn kan ƙarfe da lamba a jiki, na ji kamar taɓarya. Alamar ƙota ta fi ƙarfinka ita ce ƙwallo ba ta tashi, tana yawan zamewa dama in kai na-dama ne, kuma sai ka ji kana yin kokawa da sandar, zuwa rami na goma sha biyu kafaɗa ta gaji. In kuma ta yi maka laushi da yawa za ka ga ƙwallo na tashi sama ba tafiya, yau hagu gobe dama.

Nauyi ma haka. Ƙotar ƙarfe ta ayon yawanci tana tsakanin giram 95 zuwa 130, ta girafait kuwa, wadda ba ƙarfe ba ce kuma ba ta da nauyi, ana samun ta daga wajen 50 zuwa 80, ta direba ma har ƙasa da 50 akwai. Girafait tana shanye girgizar da ke hawa hannu in ka daki ƙasa mai tauri, mu kuwa kullum cikin dukan ƙasa mai tauri muke. Abin da ke hana mutane canzawa ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai jin nauyin a ga harafin A a jakarka a ce Alhaji ya tsufa. Ina roƙon ƴan'uwana mu ajiye wannan, tsufa ni'ima ce da ba kowa Allah ke ba ba, kuma ba wanda ke duba harafin in ƙwallonka ta sauka tsakiyar fili.

Gargaɗi ɗaya, kada ka kai sanda wurin mai walda ko kafinta ya yanke maka don ta yi maka tsawo. Yankewa yana canza yadda nauyin kan yake a hannu. Ka fara riƙe ta ƙasa kaɗan da kamar inci ɗaya ka gani, in ya yi sai ka kai ma wanda aikinsa ke nan.

Direba da kwanciyar fuska

Kowace sanda fuskarta tana kwance da wani digiri, ana ce mishi lof, shi ke tura ƙwallo sama. Direbobin da suka fi yawa a jakunkunanmu masu digiri 9 ne ko 10.5 saboda su muke gani a talabijin. Mai gudun 115 yana iya tayar da ƙwallo da digiri 9, mai gudun 78 ba zai iya ba, shi 12 zuwa 14 yake buƙata. Da yawa cikin direbobin zamani ana iya kwance wuyansu da ɗan makulli a ƙara digiri ɗaya ko biyu, wasu suna da shi a jaka shekara da shekaru ba su taɓa juyawa ba, ka duba naka yau. Girman kai kuma doka ta tsayar a cc 460 na ma'aunin girma, ka nemi mai cikakken girman don ko ba ka daki tsakiya ba zai yafe maka.

Wani zai ce ai da rani ƙasarmu tana gangarar da ƙwallo, bugun ƙasa-ƙasa ma yana kaiwa. Gaskiya ne yana kaiwa, amma gangara ba ta da linzami, tana iya cin karo da dutse ta shige cikin sabara, kuma da damina ta sauka wannan ribar ta tafi. Ƙwallon da ta yi tafiyarta a sama ita ka san inda za ta sauka.

Dogayen ayon sun gama aikinsu

Ayon mai lamba 3 da 4, har da 5 ga mafi yawanmu, ba su da sauran amfani a jakar mai sanyin bugu. Ka gwada ka gani, za ka samu 4 da 5 da 6 ɗinka duk kusan wuri ɗaya suke sauka saboda babu gudun da zai tayar da dogayen. Maganinsu haibirid, sandar nan da ke tsakanin ayon da wud (ƙanwar direba mai dunƙulallen kai), mai faɗin gindi da nauyi a ƙasa. Haibirid mai lamba 4 tana wajen digiri 22, mai lamba 5 wajen 25. Kuma ba sandar ragwaye ba ce, da haibirid Y.E. Yang na Koriya ta Kudu ya yi bugun ramin ƙarshe da ya kayar da Tiger Woods a gasar PGA ta 2009. Wud mai lamba 7, wajen digiri 21, ita ma aminiyar dattijo ce, ta fi mai lamba 3 sauƙin tashi daga ƙasa nesa ba kusa ba, mai lamba 3 ɗin nan mai digiri 15 ni na daina ɗaukarta.

Sauran ayon kuma ka nemi masu rami a baya, waɗanda aka raba nauyinsu zuwa gefe-gefe, dabarar da Karsten Solheim wanda ya kafa kamfanin Ping ya yaɗa. Siraran nan masu sheƙi kamar wuƙa na ƙwararru ne. Sai dai a kula da wata dabara ta kasuwa: ayon mai lamba 7 na da yana wajen digiri 35, na yanzu da yawa sun koma 28 zuwa 30 don a ce maka sabon ya fi nisa, alhali lambar kawai aka canza ma sandar. Ga mai sanyin bugu wannan yana ƙara wahalar tashi ne. Kamfanoni suna yin wasu na musamman marasa nauyi masu kwantacciyar fuska, XXIO ta Japan ma kusan a kan irinmu ta gina kasuwarta, sai dai akwai tsada.

Doka ta ce kada sanduna su wuce 14, ba ta ce dole su kai ba. Direba, wud ɗaya, haibirid biyu, ayon 7 da 8 da 9, weji biyu na gajeren bugu da fota ta gangara ƙwallo cikin rami, goma kenan, sun isa kowane fili, kuma yaron da ke ɗaukar maka jaka cikin ranar nan zai ji sauƙi.

Weji, fota da mariƙi

Wejin yashi, wanda Gene Sarazen ya shahara da shi tun 1932, yana da tudu a gindinsa don kada ya nutse cikin yashi. Wannan tudun a ƙasa mai tauri tsalle yake sa sandar ta yi, bakinta ya daki cikin ƙwallo ta wuce girin da gudu. In za ka saya don irin filayenmu ka nemi mai ƙaramin tudu, kuma ka bar mai digiri 60 ɗin nan, in kana kusa da rami ka gangara da ayon 8 ya fi aminci. Fota kuma mai faɗin kai ta fi tsayuwa a hannun da ya fara rawa, in baya na damunka ka nemi mai ɗan tsawo. Doguwar fota ba a hana ta ba, abin da aka hana tun Janairun 2016 shi ne jingina ta da ƙirji ko ciki.

Mariƙi, wato robar da ke saman sanda, shi ne gyara mafi araha kuma shi aka fi mantawa. In ya tsufa ya yi santsi dole ka matse hannu, matse hannu kuma yana kashe gudu yana ta da ciwon gaɓoɓi. Akwai masu kauri da aka yi don masu ciwon yatsu, ba sai ka dunƙule hannu sosai ba. Zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana cinye roba, don Allah a daina barin jaka cikin but ɗin mota, har gam ɗin da ya riƙe kan sanda yana iya saki.

Yadda za ka saya ba ka yi kuka ba

Sabbin sanduna ba dole ba ne, na hannu da suka shekara biyar ko bakwai suna aiki lafiya lau in ƙotar ta dace da kai. Abin tsoro jabu ne, sun cika kasuwa musamman a intanet, in ka ga saiti na babban kamfani ana ba ka a kuɗin da bai kai rabin rabi ba to ka ja baya. Ka bi ta hannun mai koyarwa na kulob in ka je Kaduna ko Kano ko Jos ko Abuja, su suka san wanda ke son sayar da nasa, kuma za su bari ka gwada. In ka samu inda ke da na'urar auna gudu, ka biya a auna ka sau ɗaya, lambar nan za ta hana ka sayen abin da ba naka ba. Mu da yanayin hanyar Funtuwa ya sa ba kullum muke fita ba, in an samu an je to a yi abin gaba ɗaya.

In babu na'ura ga yadda muke yi. Ka ɗauki ƙwallo goma iri ɗaya, ka buga da sandarka, ka buga goma da wadda kake son saye, ka taka ka ƙirga. Kada ka duba wadda ta fi nisa, ka duba inda mafi yawansu suka taru da kuma yadda suka warwatsu. Ka goga alli a fuskar sandar ka ga inda ƙwallo ke taɓawa. Ka ɗan motsa jiki minti goma kafin ka fara, mai hawan jini ko ciwon baya kuma ya ji ta bakin likitansa. A fili kuma ka yi bugun farko daga wurin bugun gaba, wanda ya fi kusa da rami, an tanade shi ne don irinmu.

Lahadin da ta biyo baya na fita da Yaya tun rana ba ta yi zafi ba, na miƙa mishi wud ɗina mai lamba 7 mai ƙotar A. Bugun farko ya daki ƙasa, na biyu ma haka, na ce Yaya sassauta hannu, bar sandar ta yi aikin. Na uku ta tashi, ya bi ta da ido har ta sauka bayan wata bedi da ya ce ya fi shekara uku ayon 4 ɗinsa bai kai ta ba. Ya juya sandar yana karanta rubutun jikin ƙotar, ya ce “wagga ita ta dace da ni, ƙanena.” A wurin ya kira ɗan nasa ya ce a bar dozin biyar ɗin nan, a sayo dozin biyu na masu laushi, sauran kuɗin a nemo mishi wud 7 da haibirid 5 masu harafin A, da mariƙi masu kauri guda goma.